Ƙarfen Gidan Saja

Lahadi, 11 ga Janairu, 1953

Yau Baba Goni ya kuɓuce mini. Ina ɗauke da shi daga makewayi zuwa ɗaki, gwiwoyina suka ƙi, muka zube tare a gindin randa. Goshinsa ya fashe kaɗan. Bai yi faɗa ba, da ma tun da ɓarin jikinsa ya shanye magana ba ta fita sosai. Kallona kawai ya yi. Mutumin da ya taka daga Kukawa zuwa Kano da ƙafarsa, ga ɗansa Ari tela ya kasa kai shi ɗaki. Matata Falmata ta kawo ruwa da tsumma, ta goge masa goshin.

Yaya Sammani ne ƙaƙƙarfan gidan nan, amma shi kullum yana tashar mota.

Laraba, 14 ga Janairu

Keken ɗinkina yana tsinka zare, na kai kansa Sabon Gari wurin Nwabueze, mai gyaran nan da ake kira Saja don ya yi yaƙin Bama. Na isa ina haki kamar an koro ni. Ya karɓi kan keken da hannu ɗaya yana dariya. "Tela, kai ne ka ɗauko keke ko keke ne ya ɗauko ka?"

A tsakar gidansa na ga sandar ƙarfe ta tsohuwar mota, an dasa kowane gefe a garwa cike da siminti. Akwai ƙanana, akwai manya. Wai kowace safiya yake ɗagawa, tun yana soja. Ban san ya aka yi ba na ba shi labarin Baba. Ya daina dariya. Da Hausarsa ta bariki ya ce, "Ka zo gobe. Ba kuɗi. Amma in ka zo gobe, jibi ma ka zo."

Asabar, 17 ga Janairu

Ko alwala da ƙyar. Cinyoyina kamar an daka su a turmi.

Talata, 3 ga Fabrairu

Ina idar da asuba nake fita, in dawo kafin in buɗe shago. Saja ba ya bari in taɓa manyan. Ƙaramar garwa, in tsuguna, in miƙe, baya a tsaye. "Da ƙafa ake ɗauka, ba da baya ba." Ya faɗa har na fara ji a cikin barci. Matarsa Chinyere tana ajiye mini ruwa a kofin silba, ta keɓe shi don ni, ba mai sha da shi.

Jiya na so in fasa. Na kwanta na ja bargo. Sai na ji tarin Baba ta bango.

Juma'a, 27 ga Fabrairu

Na ɗauki Baba yadda aka koya mini, na kai shi har zaure ya sha hantsi, mutane suna wucewa masallaci suna gaishe shi. Rabonsa da zaure tun damina. Ya riƙe hannuna da hannunsa mai lafiya ya daɗe bai saki ba.

Ciwon bayan nan na zaman keke ya tafi, sai yau na lura. Tuwo kuma malmala biyu. Falmata ta ce in haka ne sai a ƙaro gero.

Litinin, 16 ga Maris

Rigata ta matse a kafaɗa. Tela ya buɗe wa kansa riga! Na yi dariya ni kaɗai a shago.

Yaya Sammani ya matsa damtsena a gaban mutane. "Ari, ashe Inyamurin nan yana kiwonka." Aka yi dariya. Shi bai yi ba.

Alhamis, 9 ga Afrilu

Ba a zancen komai a unguwarmu Fagge sai abin da aka yi wa wakilan Arewa a Ikko, wai an yi musu ihu a titi ana zaginsu. Kowa da yadda ya ji. Masu zama a bakin shagona da can zancen farashin yadi suke yi, yanzu sai a yi ƙasa da murya in ɗan kudu ya gifta.

Yau na ɗaga babbar garwa har ƙirji. Saja ya tafa mini.

Asabar, 18 ga Afrilu

A hanyar Sabon Gari na wuce wani gidan 'yan kudu, maza sun zauna suna wasa adduna a dutse. Ba lokacin sharar gona ba ne a wurinsu, ba su ma da gonaki a nan. Suka bi ni da ido har na sha kwana. Na gaya wa Saja. Ya ce, "A Fagge fa? Maƙeranku barci suke?" Ni ma na san ba barci suke ba.

Muka ɗaga ƙarfe, ba hira.

Lahadi, 26 ga Afrilu

Yaya ya same ni a shago, ya zauna a kan buhun ƙyallaye. Da fari zancen Baba. Can sai ya ce, gidan Sajan nan, ƙofa nawa gare shi? Maza nawa ke kwana ciki? Tun da tsohon soja ne, ai ba zai rasa bindiga ba?

Na ce, "Yaya, ni ƙarfe nake zuwa ɗagawa."

"To ƙarfin na mene ne? Na ɗaukar tsoho zuwa makewayi kaɗai?"

Na ce ai shi ne dalilin. Ya tashi ya karkaɗe rigarsa. Ya ce rana tana zuwa da za a san inda kowa ya tsaya.

Allura ta soke ni bayan tafiyarsa, abin da na manta rabona da shi.

Talata, 5 ga Mayu

Saja ya ce in dakata da zuwa. Maƙwabtansa suna cewa ɗan leƙen asiri yake horarwa. Ya faɗa yana kallon ƙasa. Ya ba ni sanda ɗaya ya ce in zuba siminti a gida. "Kada ka bari jiki ya manta." Chinyere ta leƙo ta labule ta ce in gaida Baba.

Na ratso da sandar ƙarfe a kafaɗa tsakanin Sabon Gari da Fagge. Can ana kallona, nan ana kallona. Sai da na shiga gida na gane abin da suke tsammani: makami na ɗauko.

Juma'a, 15 ga Mayu

Azumi ya kama. Zafi ba a magana. Ina ɗagawa kaɗan kafin shan ruwa, a bayan ɗakin Baba. Yana jin ƙarar garwa in na ajiye, sai ya buga sandarsa a ƙasa, wai yana taya ni.

Gari ya yi tsit irin na kafin hadari. An ce 'yan siyasar kudu za su zo taro gobe. An ce an hana. An ce za su zo duk da haka.

Asabar, 16 ga Mayu

An fara. Da la'asar muka ji ihu daga wajen Sabon Gari. Yaya bai sha ruwa a gida ba.

Lahadi, 17 ga Mayu

Hayaƙi tun safe. Kafin azahar wuta ta kama layin bayanmu, ba wanda ya san wa ya sa. Mata suna gudu da yara. Na ce wa Falmata ta ɗauki abin da za ta iya. Na goya Baba, ta ɗaure mu da zaninta, muka nufi gidan Gwaggo Bintu a cikin birni. Da azumi a bakina, rana tsaka. Ban ajiye shi ba sai a zauren Gwaggo. Numfashinsa a wuyana duk hanya, yana jan salati da rabin baki. A ƙofar gari mun wuce wani tsoho a zaune a gefen hanya, jikarsa tana jan hannunsa tana kuka, ba mai ɗaukarsa. Ban tsaya ba. Baya ɗaya gare ni.

Alhamdu lillahi. Da a Janairu ne, da a gidan za mu ƙone.

Litinin, 18 ga Mayu

Dole in rubuta wannan.

Aka zo aka ce an sari Yaya, yana kwance a wani lungu kusa da iyakar Sabon Gari. Na tafi. Na same shi jingine da bango, kafaɗarsa a buɗe, jini ya jiƙa wandonsa. Na tsuguna zan ɗauke shi sai wani ya fito daga kwana. Saurayi ne, singileti a jikinsa, da sanda ko adda, ban tantance ba. Wataƙila ma gudu yake yi. Na miƙe na kama shi na ɗaga, na maka shi da bango.

Bai yi nauyi ba. Abin da ya tsaya mini ke nan. Bai kai babbar garwa ba.

Na ji ƙarar kansa. Ya sulale. Na saɓi Yaya na taho, ban waiwaya ba.

Alhamis, 21 ga Mayu

Sojoji a titi, an hana fita, an ja waya mai ƙaya tsakaninmu da su. Yaya zai rayu, hannun ne dai ba tabbas. Yana ba kowa labari, wai ƙaninsa tela ya ɗaga ƙato sama kamar buhun ƙaiƙayi. Mutanen da ba su taɓa gaishe ni ba suna miƙo hannu biyu. Na ce ya bari. Ya ce abin alfahari ne.

Ba ƙato ba ne.

Laraba, 3 ga Yuni

Mun koma gida, wutar ba ta iso mu ba. Yanzu biyu nake ɗauka, Baba da Yaya. Ɗinkin Sallah ya taru. Ban taɓa sandar ba tun ranar, tana nan a bayan ɗaki. Baba yana buga sandarsa da yamma, ina yi kamar ban ji ba.

An ce jirgin ƙasa cike yake tafiya kudu. Ban tambayi ko su Saja suna ciki ba.

Talata, 23 ga Yuni

An yi ruwa da asuba. Na tafi Sabon Gari, ban gaya wa kowa ba.

Saja yana nan. Ya rame, da ɗauri a tsintsiyar hannunsa ta dama. Ban tambaye shi ba. Shi ma bai tambaye ni inda nake ranar Litinin ɗin ba. Ya ce, "Baba?" Na ce lafiya, ni na goya shi har birni. Ya gyaɗa kai ya ce, "Da kyau." Chinyere ba ta fito ba. Ya ce suna makoki, an kashe mata ɗan'uwa. Na yi masa gaisuwa. Na so in tambayi a ina, wace rana. Na ji tsoron amsar.

Ya jawo benci. Akwai irin ɗagawar da ake yi a kwance, mutum ya tura ƙarfen sama daga ƙirji, ɗaya ya tsaya a kansa ya tare in ya gaza. Na kwanta. Ya miƙo mini babbar, ya tsaya a saitin kaina, hannuwansa a ƙarƙashin sandar. Daga nan ƙasa fuskarsa a juye take, ba na iya karanta ta. Ƙarfen yana daidai maƙogwarona. Na tura, na tura, a na ƙarshe hannuna ya tsaya a rabi. Ya ɗan jinkirta. Ko ni na ga haka. Sannan ya karɓe.

Sai ya kwanta shi ma, ya ce in tsaya masa. Da can in zai yi wannan rufe ido yake yi. Yau idonsa a kaina har ya gama.

Da zan tafi ya ce, "Gobe?" Na ce in Allah ya kai mu.

Na ɗauki Baba zuwa zaure, na wanke wa Yaya ciwo, na gama riguna biyu. Jiki lafiya lau, ban taɓa jin ƙarfi irin na yanzu ba. Da Falmata ta miƙo mini yaron maƙwabta in riƙe mata ta sauke tukunya, na ce ta ajiye shi a tabarma, wai hannuna da maiƙon keke. Babu ko ɗigo.