Ƙwaryar Furarka a Wuyan Duna

Maigida,

Gaisuwa mai yawa, da fatan rahamar Allah tana lulluɓe da kai a makwancinka. Na san ba mai kai maka wannan takarda, ba kuma za ka karanta ta ba. Ko da kana raye ma ai ba karantawa za ka yi ba, juya ta za ka yi ka ce tafiyar tsutsa ce, kamar yadda kake tsokanata lokacin da nake zuwa ajin yaƙi da jahilci. To, yau ga ranar ajin nan. Ina da labari, kuma kai ya kamata ka fara ji.

Mutanen Roni kowa lafiya. Na fita takaba. Ɗanmu Habu ya zo ya koma bakin aikinsa a masaƙa can Kano. 'Yarmu Talatu ta sauka, namiji, an mayar masa da sunanka, ka ga an ƙara mini wani wanda ba zan iya kiran sunansa ba, Abba muke ce masa. Hanyar Kazaure da aka daɗe ana faɗa an fara zuba mata jar ƙasa, manyan motoci sun hana kajin unguwa sakat. Damina ta yi albarka, ba irin shekarun farin nan ba. Ƙaninka Sale ya tsaya a kan gonarka ta gindin dutse, gyaɗa ta yi 'ya'ya har ta kusa cira.

Amma labarin da ya zaunar da ni na Duna ne, baƙin karenka.

Bayan an kai ka, kwanciya ya yi a bakin zaure, ko tuwo ba ya shinshinawa. Da ya gaji da jira sai ya shiga yawo. Wa zai kai shi gona? Ni ina takaba, Sale kuma ba ya shiri da kare. Sai ya zama ɗan bin karya, yau a gan shi bayan kasuwa, gobe a ce an gan shi kan hanyar Gwiwa. Ya dawo da kunne a yage, haƙarƙari duk a waje. Ana nan sai karnukan da yake bi suka kashe ɗan rago a rugar Fulani, aka ce an ga baƙi a cikinsu. Mai unguwa ya aiko mini da mutunci, ya ce saboda haukan kare 'yan duba-gari za su fara zuba guba, duk karen da aka samu yana gararamba shi ke nan. Ko in tsare shi a gida, ko in haƙura da shi. Na sa aka ɗaure shi, ya cinye igiyar. Aka canza wata, ita ma ya cinye.

Sale ne ya kawo shawarar a yi masa fiɗiya, tunda malamin dabbobi yana zuwa daga Kazaure ranar kasuwa yi wa shanu allura. Na san ra'ayinka, ba sai ka motsa ba. Sau nawa na ji ka a zaure kana cewa fiɗiyayyen kare ƙiba kawai yake yi, birai ma rawa za su riƙa yi a gabansa? Na juya maganar nan a raina har kaina ya yi ciwo. Daga ƙarshe na ce gara rago mai numfashi da jarumin da za a ja a jefa a kwazazzabo. Na ce a yi.

Malamin mutumin kirki ne. Ya jingine babur ɗinsa a gindin darbejiyarmu, ya yi wa Duna allurar barci, ya yi aikinsa ya ɗinke. Ni ban iya kallo ba, ɗaki na shige. Kafin ya tafi ya bar mana wani magani mai launin shuni, ya ce a riƙa wanke wurin da ruwan ɗumi da gishiri a shafa, a kore ƙuda, kada ya yi gudu. Abin da ya fi nanatawa shi ne kada a bar shi ya lashi ɗinkin, in ya warware shi ciwon zai ruɓe, tsutsa ta shiga.

To, Maigida, ka taɓa ganin wanda ya hana kare lasar jikinsa? Yana farfaɗowa abin da ya fara ke nan. Na naɗa masa tsumma, ya yage. Na zauna a kansa da kara ina tsawa, ina juya baya in duba tukunya ya koma. Washegari wurin ya kumbura ya yi ja, zare ɗaya ya saki, jikinsa ya ɗauki zafi. Sale ya ce a zuba baƙin mai irin na mota, wai haka ake yi wa jakuna. Na ce ba a gidan nan ba. Hankalina ya tashi ƙwarai, don na ga ni da bakina na ce a yi, ga shi kuma zan kashe maka kare a tsakar gidanka.

Ina zaune ina kallonsa sai na lura bakin ne kawai matsalar. In da abin da zai tare tsakanin bakinsa da cinyarsa, an gama. Na ɗauko ƙoren gidan nan kaf ina gwadawa da ido. Wannan ta yi ƙanƙanta, waccan ta awo ta yi nauyi, wata kuma ta tsage. Guda ɗaya ce ta yi daidai, kuma tun kafin in ɗaga kai na san wacce ce. Tana nan a ragaya inda na rataye ta ranar da ka sha furarka ta ƙarshe. Ko Talatu ban bari ta taɓa ta ba.

Na sauke ta, Maigida. Na riƙe ta na ɗan jima. Sannan na miƙa wa Sale, ya sa wuƙa a wuta ya fafe gindinta daidai shigar kan kare. Na naɗe bakin ramin da tsohon zanena don kada ya goge masa wuya, muka zura masa, muka ɗaure da igiyar rama. Da ka ga Duna da ka yi dariya har ka ƙware. Kansa a cikin ƙwarya, sai idanu, yana tafiya yana karo da turmi, ya ja da baya ya karo da randa. Matan maƙwabta har leƙowa suke ta katanga. Ya kai baki wurin ciwon ya kasa, ya sake ya kasa, ya kwanta yana harara ta.

Sai wata sabuwa, bakinsa ba ya kaiwa kasko. Ni Delu, da na shekara ina korarsa daga gindin murhu da muciya, ni da kake jin mitata in ya shinshina kwano in yi masa wanki bakwai, sai ga ni durƙushe ina ba kare kunu da tsohon ludayi. Na ware masa ludayinsa da tsummansa, na ware zanen da nake ɗaurawa in zan wanke ciwon, in na gama in yi wanka in canza kafin salla. Safe da yamma haka. Ranar farko ya yi mini gurnani. Daga baya da ya ga na ɗauko ruwan ɗumi, da kansa yake kwantawa ya ɗaga ƙafa. Kumburin ya saɓe, zafin ya sauka, wurin ya bushe. Allah ya taimake mu ƙuda bai samu shiga ba.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Kana tsammani na tsani karen nan ne? Haushi dai nake ji, don hirar da kake yi da shi a hanyar gona ta fi wadda kake yi da ni. Amma ai shi ne agogona. Kullum shi ke riga ka shigowa, yana haki, harshe a waje. Da na ji shi sai in miƙa hannu ragaya in sauke ƙwaryar nan in fara dama fura, kafin ka ajiye fartanya ta yi daidai. Kai kana cewa ban taɓa sa ka jira ba, kana yabona a gaban mutane, ni kuwa na yi shiru na karɓe yabon. Kuma ba na jin daɗin wani sauti a duniya kamar hakin nan nasa, don ya nuna kana tafe. Me ya hana in faɗa maka tun kana ji? Kunya ce kawai irin tamu.

Ranar kasuwar da ta wuce malamin ya dawo ya cire zaren. Ya ga ƙwaryar ya yi ta murmushi, ya ce a bar ta ta ƙara kwana biyu. Mun cire ta. Yawo kuwa ya ragu ƙwarai, ko an bar zaure a buɗe iyakarsa gindin darbejiya. 'Yan duba-gari sun zo sun wuce, Duna yana kwance a inuwar rumbu.

Jiya na ce bari in je in ga gyaɗar nan da idona, na tafi da shi. Muna isa muka tarar da birai sun sauko daga dutse suna tono. Duna bai jira in tura shi ba. Ya saki haushin nan nasa ya bi su har kan dutsen, suka watse suna ihu. To, ina rawar da ka ce za su yi? Wannan karon ni na yi gaskiya, kuma ba ka nan balle ka musa.

Da muka juyo gida sai ya wuce ni da gudu. Ina shiga na same shi a tsakar gida, a bakin ɗakin da ragaya take, yana haki, ya zuba wa ƙofa ido. Na shigo, ya leƙa bayana. Ba kowa. Ya ɗan tsaya, sannan ya kaɗa mini wutsiya ya kwanta. Ni ma na ɗan tsaya. Daga nan na dama fura a tawa ƙwaryar, na sha, na zuba masa saura a kaskonsa. Wallahi ta yi mini daɗi, rabon da in ji daɗin fura tun kana nan.

Taka ƙwaryar na wanke ta da ƙasa da ruwa, na mayar da ita ragaya. Ba ta riƙe ko ɗigo yanzu, ana hango rufin ɗaki ta gindinta, amma nan ne wurinta. In kana da ƙorafi a kanta, ko a kan abin da na sa aka yi wa karenka, ka adana shi. Ina nan tafe in lokaci ya yi, ma yi ta a can. Kafin nan ina lafiya, gonarka tana da mai gadi.

Allah ya kai haske kabarinka, ya sa ka huta.

Ni ce mai dama maka fura,
Delu