Koren Allon da Aka Kafa wa Madatsata

Zuwa ga Mai Girma Bashmuhandis,
Shugaban masu duba madatsun ruwa na manoma,
Gadarif.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka, har da wanda zan kawo ƙararsa nan gaba kaɗan, don ba lafiyarsa ce ta dame ni ba.

Ranka ya daɗe, sunana Alhaji Idirisu Mai Riɗi. Na buɗe wasiƙar nan kowa ya karanta ne domin guda biyu na aiko a rufe ban sami amsa ba. Ɗayar ma na gan ta da idona a ofishinku, an ɗora mata butar shayi.

Ga wanda bai san ni ba: da lauje na shigo harkar nan, ina yankan riɗi a gonar wasu. Karatuna a aji biyu na sakandare ya tsaya, ba don kai ya gaza ba. Yau ina da gonata a yankin Ƙala'at an-Nahal, kuma a cikinta na tare wani rafin damina da ƙasa, na yi madatsa. Ba muhandis, wato injiniya, ba takarda. Igiya ce da ido da hayar motar tura ƙasa. Tsawonta taku ɗari biyu da goma ne da ƙafata, tsayinta kuwa mutum uku in sun hau kan juna. Damina bakwai tana riƙe ruwa, shanun makiyaya ma sun san hanyarta. Ga ƙarata dalla-dalla.

Na ɗaya. Jami'inku ya zo duba madatsar ne a tsakiyar bazara, lokacin da ƙasa ta tsattsage har mutum zai iya zura hannu zuwa gwiwar hannu. Babu ɗigon ruwa a ciki. Ya sauko daga mota, ya hau kan gaɓar, ya leƙa ƙasa, ya tambayi Adamu wakilina ko wa ke zaune can. Abin da ya gani a ranar jaki ɗaya ne a gindin aduwa. Ya rubuta jakin. Kafin ya gama cike takardar jakin ya tashi ya yi tafiyarsa, sai ya soke shi. Adamu yana tsaye aka yi. Bayan mako uku aka kawo koren allo aka kafa, an rubuta da Larabci cewa haɗarinta kaɗan ne, babu kowa babu komai a ƙarƙashinta.

Na biyu. Maƙwabcina Alhaji Tukur yana da wani abu da shi ma yake kira madatsa. Ni kududdufi nake ce masa, don akuya tana ƙetare shi cikinta bai jiƙe ba. Shi aka ba jan allo, wai babban haɗari. Tun daga ranar ban sake shan gahawa cikin natsuwa a kasuwar amfanin gona ba. Da na zauna sai ya miƙo mini kofi da hannu biyu, wai a yi wa Alhaji Kore a hankali, mutumin da ko madatsarsa ba ta iya tsorata kowa. Dillalai suka ɗauka. Yanzu har masu ɗinkin buhu Alhaji Kore suke kirana. Shi kuwa ya sa an goge allonsa da mai, yana ɗaukar hoto a gefensa.

Ba zan ɓoye maka ba, wannan ne ya fara kai ni ofishinku. Na je ne in ji yadda aka yi kududdufi ya fi madatsa.

Na uku, kuma a nan ne maganar ta daina zama ta kasuwa. Magatakardanku, wani dattijo mai haƙuri, ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Ya ce launin allo ba girman madatsa yake aunawa ba, kuma ba kyawun gini ba. Abin da ruwa zai tarar in ta fashe shi ake dubawa. Alhaji Tukur ya sami ja ne domin bukkar tsohon maigadinsa tana ƙasa. Na ce to madalla, ashe ba shi ya ci ba, maigadi ne. Sai ya ƙara da cewa masu jan allo su ake aika wa muhandis kowace shekara ya duba. Masu kore sai in hali ya yi, kuma na san yadda hali yake a ƙasar nan yanzu.

Na ce masa, ya shaihu, ai ƙarƙashin tawa mutum arba'in ne ke kwana. Ya ce ina? Na ce a kambo, wato sansanin masu aikin gonata. Kowa a Gadarif ya san yadda aikin yake. Suna zuwa ne da damina domin shema, wato cire ciyawa, su dawo lokacin yankan riɗi, daga Showak, daga Fau, wasu daga nesa da haka. Suna kafa rumfunansu a gindin madatsa domin nan ne inuwa take, nan ne ruwa yake kusa. Lokacin da suke nan shi ne daidai lokacin da madatsa take cike har baki. Lokacin da jami'inku ya zo shi ne lokacin da ba ruwa ba mutane. Da ya zo duba kasuwa ranar Idi ma, haka zai rubuta cewa ba a ciniki a Gadarif.

Magatakarda ya buɗe mini takardar ya nuna mini layin da yatsa. Abin da ake ƙirgawa gidan zama ne na dindindin, wanda mutum ke kwana a ciki rani da damina. Rumfar ɗan ƙwadago ba ta da gurbi. Na ce mutanen ciki fa? Ya ce su ma takardar ba ta tambaye su ba. Ranka ya daɗe, ni na kwana a irin wannan rumfa shekara tara. Ban san cewa duk tsawon lokacin nan ba a ƙirge nake ba.

Na huɗu. Zan faɗi abin da ban taɓa faɗi a gaban Alhaji Tukur ba, tunda yanzu zai karanta ya huta. Madatsata tana tsiyaya. Can gindinta ta gabas ruwa yana fitowa tun bara, amma bara garai yake fita. Bana launinsa kamar shayi da madara. Ban yi karatun muhandis ba, amma na san ruwan da ya fito da launi ƙasa ya ɗebo, kuma ƙasar nan daga cikin gaɓar take. Na cusa buhunan yashi, ya ɓullo ta gefe. Na san ana yanka wa madatsa mafita don ruwa ya rage, sai dai ban san inda zan yanka ba tare da na buɗe wa kaina masifa ba. Abin da igiya da ido suka iya sun yi. Nan sun tsaya.

Kada a ce ban gwada ɗauke mutanen ba. Na mai da kambon kan tudu. Kwana biyu suka yi suka sauko. Wanda ya san laka irin ta ƙasarmu ya san dalili: taku goma da jarkar ruwa a kai, takalminka ya zama turmi. Babbansu, Malam Yaƙubu, ya ce mini Alhaji in ka ga mun zauna can sama to ka kawo mana rafin ne. Riɗi kuwa ya kusa nuna, in ya nuna kwana kaɗan yake bayarwa kafin ya fashe ya zube. Korarsu ba ta yiwuwa, zamansu a can kuma ba ya barina cin abinci.

Na biyar. Tunda takardarku gidan dindindin take so, na gina mata. Ɗaki ne na kara da jinka mai kyau, taku talatin daga inda ruwan ke tsiyaya. Na kawo gadona da buzun salla da rediyo. Na je wurin shehin unguwa na shaida masa a gaban mutum biyu cewa daga yanzu nan ne gidana, rani da damina. Hajiya Batula maiɗakina ta ce ita ba madatsa ta aura ba, tana gari, abinci kawai take aikowa da saƙon cewa in na gama haukan in dawo da kwanukanta. A cikin ɗakin nan nake rubuta maka, ina jin ƙarar ruwan ta bayan zana.

Don haka ga roƙona. A aiko muhandis cikin makon nan, tun ruwa yana ciki kuma mutane suna ƙasa, ya nuna mini inda zan yanka mafita. Mota da masu haƙa duk nawa ne, iliminsa kawai nake so. A cire koren allon nan a kafa ja. Sannan a ƙara layi ɗaya a takardarku domin masu kwanan kambo, don ba gonata kaɗai ke da su ba, kuma ba kowane mai gona ne zai ɗauko gadonsa ba.

Allah ya ƙara maka girma, ya ba ka ikon yin adalci, ya tsare motarku daga laka. Wanda za ku aiko ya bar ta a kan tudu ya sauko da ƙafa, zai same ni a ƙofar ɗaki. In kuwa ruwa ya riga shi zuwa, to wannan karon takardarku ta sami mutum ɗaya da za ta iya rubutawa. Sauran arba'in ɗin kuma sai ku nemi inda za ku sa su.

Wassalam, daga gindin madatsa.

Alhaji Idirisu Mai Riɗi