Hannuwan Shu'aibu Biyu

Zariya, 9 ga Fabrairu, 1958

Zuwa ga ƙanena Datti, bakanike a Kaduna,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Safara'u da yara. Malam Ado na bakin gidan waya ne ke rubuta mini, na kuma ce masa kada ya gyara mini magana.

Datti, ashe haka za ka yi mini? Sai a bakin Magajiya mai kai goro Kaduna zan ji wai injinku ya cinye hannun mutum a Mando? Ta ce ba mijina ba ne, wani Aminu ne. Amma ta ce shi mijin nawa, Shu'aibu, aka sa a gurbinsa. Kai ka samo masa aikin nan, kai ka ce mini haƙan rami ne kawai. Wane irin rami ne ke cin hannu? Ka faɗa mini gaskiya, ba irin amsarku ta ma'aikata ba, layi-layi babu komai a ciki.

Ni ce yayarka,
Hansai

Malali, Kaduna, 13 ga Fabrairu

Zuwa ga Yaya Hansai,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kina lafiya, ke da Baba da dukan mutanen gida. Shu'aibu lafiyarsa lau. Aminu yana asibiti, an yanke hannun daga gwiwa.

Ga yadda abin yake. Ana kewaye wani fili a Mando da shingen waya, ana bukatar ramin sanduna ɗari shida kafin azumi. Abin haƙan wani dogon ƙarfe ne murɗaɗɗe kamar sukuru, a rataye a bayan tarakta, wata sanda mai juyawa ce ke kaɗa shi. Ƙasar wurin marmara ce, ƙarfen ba ya shiga sai mutum uku sun ɗora ƙirji sun danna, sandar nan tana juyawa dab da haƙarƙarinsu. Ita ta kama hannun rigar Aminu. Direba ya ba su baya, kafin ya ji ihu ta gama ɓarna.

Na roƙi Baturen injiniya ya bar ni in cire ƙarfen daga baya, in ɗaura shi a hannuwan wata tarakta mai cebur a gaba, in sa ƙarfin mai ya riƙa juya shi ta cikin tiyo. Babu sanda a fili, direba yana kallon abin da yake yi, da ya saki liba, wato mariƙin da ke hannunsa, ƙarfen ya tsaya cik. Ya dakatar da haƙan, ya ba ni mako uku.

Na haɗa komai, Yaya, sai dai mai yana tsiyaya. Washa, wato zoben da ke tare man, ta mutu, sabuwa kuma sai wata uku a jirgin ruwa. Ta fata ce. Na yanka biyar da fatar akuya ta kasuwa, duk sun fashe. Mutum ɗaya na sani wanda fata ke riƙe wa mai, wato Baba, kin kuma san shekara tara ke nan bai amsa gaisuwata ba. Ga tsohuwar washar nan cikin ambulan. Ba ni da fuskar roƙonsa da kaina.

Ki huta lafiya. Ƙaninki,
Datti

Zariya, 20 ga Fabrairu

Datti, sannu da aiki, a gaishe mini da Safara'u.

Ka ga ikon Allah? Mutumin da ya tsaya a tsakar gida ya ce shi ba zai ƙare rayuwarsa cikin warin jima ba, yau shi ke neman fata ta gidan waya. Na yi dariya, sannan na yi kuka, don mijina ne a tsakani.

Na iske Baba a ƙofar zaure yana shafe wani tandu. Ya jujjuya washar a tafin hannunsa, ya shinshina, ya ce, "Daga ina?" Na ce daga Kaduna. Ya ce, "Su masu ƙarfe, ba su da ƙarfen da zai yi musu?" Na ce, "Baba, ko dai ka yi, ko a kawo mini Shu'aibu da hannu ɗaya." Da la'asar sai ga shi ya dawo daga majema da fatar wuyan bijimi. Kwana huɗu yana jiƙa ta da narkakken kakin zuma, yana matse ta a kan wata tabarya da ya sassaƙe daidai awo. Ya yi shida, ya zubar da huɗu.

Biyun suna hannun Magajiya. Ya ce a gaya wa "mai injin" ya bar su su kwana cikin man da za su yi aiki a ciki, kuma kada ya sa musu wuƙa ko da sun matse. Bai kama sunanka ba, amma sau biyu yana tambaya ko motar ta tashi.

Ka yi sauri, don Allah. Ni tsoro nake ji.

Hansai

Malali, 1 ga Maris

Yaya Hansai,

Ina gaisuwa, a kuma yi wa Baba godiya idan zai karɓa.

Magajiya ta tsaya sunan jikarta a Katabu, sai jiya saƙon ya iso. Wa'adina kuwa ya cika tun shekaranjiya waccan, Bature ya ce ba zai ƙara kwana ba, an koma haƙa da tsohuwar hanya. Kwana uku ke nan Shu'aibu yana kan ƙarfen. Na sa helma, shugaban leburori, ya hana su sa riga, rana tana gasa musu baya, suna zagina. Jiya sandar ta fizge layar da ke wuyansa. Igiyar ce ta tsinke, Yaya, da ta yi ƙwari da ba wannan takardar zan rubuta miki ba. Shi dariya ma ya yi. Ni kuwa sai da na zauna a ƙasa.

Washar tana cikin mai yanzu. Litinin za a gwada.

Akwai abin da na ɓoye miki tun farko. Idan hannuwan tarakta ne za su danna ƙarfen, ba sauran bukatar masu dannawa. Helma ya ce ranar da abin ya yi, ranar za a sallami mutum ukun. Shu'aibu bai sani ba. Kullum yana cewa da wannan aikin zai ɗauko ki ku zauna a Kaduna, har ya ga ɗaki a Kawo. In injin ya yi, na kore shi da hannuna. In bai yi ba, ya koma jikin sandar. Ban san wadda zan roƙi Allah ba.

Datti

Malali, 5 ga Maris

Yaya,

Gaisuwa. Ban ji daga gare ki ba, na ci gaba.

Ya yi. Washar ta matse har na ɗauko wuƙa, sai na tuna na ajiye. Rami arba'in da ɗaya ranar Litinin, ko ɗigon mai babu. Shu'aibu ne ya fi kowa tsalle, har ya ɗaga ni sama yana cewa, "Kun ga surukina!" Kafin a tashi helma ya kira su ukun gefe.

Shu'aibu ya zo gida ya kwashe kayansa. Ya tambaye ni abu ɗaya, "Ka sani tun farko?" Na ce na sani. Safara'u ta zuba masa abinci, bai taɓa ba. Ya ce jirgin safe zai bi. Idan kin ga laifina, ki faɗa, zan ɗauka.

Ƙaninki,
Datti

Zariya, 9 ga Maris

Ƙanena Datti,

Muna lafiya. Ban amsa waccan takardar ba da gangan, kada ka ji wani abu a bakina ka fasa.

Ya iso. Tun daga zaure na kama hannuwansa na duba, ban ko ji kunyar Baba ba. Yatsu goma, duk suna motsi. Bayansa ya saɓule da rana, ina shafa masa man kaɗanya yana ture ni.

Ya rantse ba zai ƙara yi maka magana ba. Kaduna kuma na haƙura da ita, dama ban taɓa ganinta ba. Jiya ya yini yana nuna wa maƙwabta irin cutar da ka yi masa, yana watsa hannuwa sama, duka biyun. Na zauna ina kallo har tuwona ya kama.

Bar shi ya yi fushinsa. Allah ya yi maka albarka.

Yayarka,
Hansai