Ƙanina Zai Rage Shekara Huɗu Don Ya Tsare Raga a Fotugal

Anti Mahbuba, don Allah ki agaza mini kafin ranar Alhamis, domin ranar aka ce in je kotu in rantse, kuma na rasa ta inda zan ɓullo wa lamarin.

Ni ma'aikaciyar gwamnati ce a nan Dutse. Asalinmu wata ruga ce a bayan Jahun, kuma ni ce ta farko da ta yi jami'a a gidanmu, shi ya sa duk takardar da ta shigo dangi, daga katin asibiti har sammaci, ni ake kawo wa. Autanmu Bubayero yana hannuna shekara shida ke nan. Gola ne. Tun yana kiwo yake tare ƙwallon tsumma, yanzu shi ke tsaron ragar wani kulob a garin nan, kuma masu kallo sun ce ya iya. Ni ban taɓa zuwa ba, na dai san yawan sabulun da kayansa ke ci.

Akwai wani yaro ɗan ƙasar Fotugal, shi ma mai tsaron gida, da Bubayero ke bibiya a waya kamar cikinsu ɗaya. Ba wani shahararre ba ne, amma dole na haddace tarihinsa, don da shi muke cin tuwo. An kai shi makarantar ƙwallo yana ɗan shekara tara, ya sa hannu a kwantiragin farko yana sha takwas, ya shekara biyu a benci yana tafa wa wani, sannan aka ba da aronsa ga ƙaramin kulob inda ya fara kamawa. Bubayero ya ce sa'ansa ne. Gaskiya ne kuwa, dukansu ashirin da biyu gare su. Sai dai wancan ya tashi da kocinsa da ciyawarsa, namu kuma da tsakuwar Dutse da gwiwa duk tabo.

Watan jiya wani dillalin 'yan wasa mai suna Fahad ya ga wasansa, ya ce zai kai shi gwaji Fotugal ɗin. Mutum ne mai ladabi, turarensa kan riga shi sallama. Sharaɗinsa ɗaya ne: wai can ba sa ɓata lokaci a kan baƙon da ya haura ashirin, saboda haka Bubayero zai koma sha takwas. A ruga aka haife shi, ba shi da takardar haihuwa, don haka sai wani babba a gida ya je kotu ya rantse a kan ranar haihuwar, da takardar za a yi fasfo. Fahad ya ce kowa haka yake yi, har ya taya ni zaɓar wata.

Anti, ba zan yi miki ƙaryar tsoron Allah ba, da farko na yarda. A ofishinmu akwai masu furfura da jikoki waɗanda a takarda har yanzu ba su kai hamsin ba, kuma ban taɓa fasa gaishe su ba. Sai da na zauna cike fom, na rubuta shekarar, na gangaro layin sunan mahaifi, sannan hannuna ya tsaya.

Mahaifinmu, Baffa muke ce masa, ya rasu Inna tana da cikin Bubayero wata bakwai. Da haihuwarsa ta fita takaba, aka mayar masa da sunan marigayin, shi ya sa har yau ba ta iya faɗin sunan. Ba ta sake aure ba, duk da manema sun zo. In na rantse a kan wannan shekarar, na rantse ke nan cewa uwata ta haihu shekara huɗu bayan an binne mijinta. Mutanenmu ba sa ajiye takarda, amma babu tsohuwar da ba ta san damina nawa aka yi da rasuwar Baffa ba. Ranar da yaron nan ya yi suna aka faɗi shekarunsa a rediyo, masu hankali za su yi dariya su ce shekarun ƙwallo ne. Sauran, kuma na san su ɗaya bayan ɗaya, za su adana maganar sai ranar da faɗa ya haɗa su da Inna a bakin rijiya.

Na ce wa Bubayero ba za ni ba, ban faɗi dalili ba, don bakina ya ƙi furta kalmar. Shi ya ɗauka girman kan 'yan boko ne. Kwana tara ke nan bai ci abincin gidana ba. Jiya ya turo mini saƙo cewa in na ƙi, zai ɗauko Inna daga ruga ranar Alhamis ta dangwala yatsa da kanta. Za ta dangwala kuwa. Ba ta karatu, kuma bai taɓa roƙonta abu ta hana shi ba.

In na tsaya a kan bakana, na tare masa hanyar da wataƙila ba zai sake samun irinta ba. In na yi shiru, uwata za ta sa yatsa a kan zagin kanta. Ya zan yi?

Yayar Gola, Limawa, Dutse

*

Yayar Gola,

Kada ki rantse, kuma kada ki bari Inna ta dangwala. Wannan ɓangaren ba shi da wuya. Mai wuyar shi ne maganar da kika kwana tara kina haɗiyewa.

Ki fara yi wa ƙaninki adalci. Ba mugun yaro ba ne. Saurayi ne da ya ga sa'ansa ya yi masa nisa, aka ce masa da biro za a rage tazarar. Ke da digirinki sai da kika kai layin sunan mahaifi kafin ki lura, to ina ga shi da bai ma riƙe fom ɗin ba? Abin da ya gani kawai shi ne yayar da ba ta taɓa zuwa kallonsa ba ta ce a'a babu dalili. Ko ni ce sai na yi fushi.

Ki kira shi kafin Laraba, ku biyu kawai, kuma ki ajiye barkwancin nan naki a waje, don yana da kaifi. Ba sai kin furta kalmar ba. Ki miƙa masa takarda ya rubuta shekarar rasuwar Baffa, ya rubuta wadda Fahad ya zaɓa a ƙasanta, ki yi shiru. Da wuya ya buƙaci ƙarin bayani. In ya dage, ki gaya masa a fili za ki riga shi isa ruga ki faɗa wa Inna abin da takardar ke nufi. Amma wannan ya zama matakin ƙarshe. In da hali, kada maganar ta kai kunnenta sam.

Sannan kada ya tashi daga zaman hannu wofi. Ki ce masa Alhamis ɗin za ki je kotun, ki rantse a kan ranarsa ta gaskiya, a yi masa fasfo. Ku nemi Fahad ya nuna takardar gayyata daga kulob ɗin da lasisinsa na dillanci, ku kai hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha a duba. Wanda ya ce ku yi wa kotu ƙarya, ban ga abin da zai hana shi yi muku ba. Ki kuma tuna masa tsaron gida ba aikin gaggawa ba ne. Yaron da yake koyi da shi ma sai da ya kai ashirin ya fara kamawa, kuma gola kan doshi arba'in yana wasa.

Ba zan yi miki alkawarin tafiyar za ta yiwu ba. Mai yiwuwa Fahad ya daina ɗaga waya, Bubayero kuma ya daɗe yana ganin ke kika jawo masa. Ki daure ki ɗauka. Fushinsa na yanzu ya fi sauƙi a kan ranar da zai yi lissafin nan shi kaɗai a ƙasar mutane, bayan uwarsa ta riga ta dangwala.

Allah ya sanyaya zuciyarsa, ya buɗa masa ta inda ba sai an taɓa mutuncin Inna ba, ya jiƙan Baffa.

Anti Mahbuba