Ni Ne Ba Ni da Ranar Haihuwa, Ba Habsatu Ba

Zuwa ga Mushe Darakta, shugaban makarantar koyon injiniya da jikata Habsatu Lawali take karatu a cikinta, nan Damagaram.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, da fatan kana lafiya kai da iyali da malaman da ke ƙarƙashinka. Allah ya ƙara girma.

Sunana Idi, baduku ne ni, a Birni nake zaune, amma asalina Tirmini. Ban yi lekol ba, wato makarantar boko, ko na kwana ɗaya. Da bakina na faɗi wannan takarda, mai rubutun wasiƙa na bakin kasuwa ya sa ta a boko, na kuma sa ya karanta mini ita sau biyu don kada ya sassauta abin da ban sassauta ba. Na ba da ita a buga kowa ya gani ne don na rasa ƙofar da zan bi in same ka.

Maganar ita ce: an ba jikata sifiri a darasin da ake koya wa 'yan shekarar farko yadda ake rubuta wa kwamfuta umarni. An ce wanda ya faɗi wannan darasi ba zai wuce zuwa shekara ta biyu ba. Ubanta Lawali, ɗana, ya ce ba shi da ƙarfin ta maimaita aji, in ta faɗi karatu ya ƙare. Ranar Alhamis ta sama malamanku za su zauna su yanke. Ni ne sanadin sifirin nan, shi ya sa nake magana.

Na ɗaya, yadda abin ya faru. Malaminsu ya ba su aiki su rubuta furogaram wanda zai tambayi rana da wata da shekarar haihuwar mutum, ya faɗi shekarunsa, ya jera mutane daga babba zuwa ƙarami. Ya ce kowa ya gwada da mutanen gidansu, daga takardunsu. Habsatu ta bi gida ta karɓi na kowa, abu ya tafi daidai. Da ta zo kaina ta buɗe katina na shaida, babu rana, babu wata, sai shekara, gabanta kalmar nan ta Faransanci mai nufin "wajen shekara kaza". Ta bar gurbin ranar fili, na'ura ta dawo mata da tambaya. Ta sake, ta sake dawowa. Ina zaune ina ɗinkin gidan wuƙa ina kallo, sau bakwai na'ura tana tambayar ranar da babu wanda ya sani. Habsatu ta ce mini duk 'yan ajinsu masu tsofaffi a gida ɗaya ga Janairu suke sawa, a wuce wurin. Na ce ba da sunana ba. Uwata ta ce da damina aka haife ni, gero ya fara fitar da kai, ranar ma an yi ruwa har katangar maƙwabta ta faɗi. Wane ruwa ake yi a Janairu a ƙasar Damagaram?

Na biyu, don kada ka ce rikicin tsufa ne kawai, ko da yake a gida haka suke cewa. 'Yan shekaru kafin mulkin kai, malamin kumandan Nasara ya zo Tirmini da dogarai biyu ɗaukar yara lekol. Aka tara mu gindin tsamiya. Yadda suke gane shekaru, a ce yaro ya ɗora hannu bisa kansa ya taɓo kunnen ɗaya gefen, a kuma duba haƙora. Ni na taɓo nawa da ƙyar, ke nan daidai ɗauka nake. Ubana, Allah ya jiƙansa, yana tsoron kada Nasara su raba ni da salla. Ya tashi ya rantse wa malamin cewa ƙanƙantar jiki ce gare ni, na daɗe da wuce shekarun lekol, har azumi na fara. Ya ƙara mini shekara huɗu a tsaye. Malamin ya dube ni, ya dubi kajin da aka ajiye masa, ya rubuta. Muka koma gida ana yi wa ubana barka. Abokina Mamman da aka ɗauka, kuka yake har aka fita gari da shi.

Da aka samu mulkin kai aka ce yanzu lekol tamu ce, na kai kaina da ƙafata nan Zinder. Mushen, wato malamin makarantar, ya dubi takarda ya ce na yi girma, ba ya sa mai shirin aure a benci ɗaya da yara. Shekara huɗun nan da ban rayu ba, su suka rufe mini ƙofa. Mamman kuwa ya zama ma'aikacin gidan waya. Shekara da shekaru ina tsayawa a tagarsa ya karanta mini wasiƙar 'yan kasuwar Kano da nake sayar wa jakunkuna, yana jin cinikina da sirrina, ina yi masa godiya. Tun ranar da mushen ya kore ni na rantse ba za a ƙara rubuta ƙarya a kan haihuwata da yardata ba. Na riƙe wannan rantsuwa fiye da shekara sittin.

Na uku, abin da yarinyar ta yi. Ba ta yi mini gardama ba. Kwana uku tana zama a zaure kusa da ni da kwamfutar da ta aro, tana bugawa tana gogewa. Ta ƙara wa furogaram ɗin tambaya guda a farko: an san ranar haihuwar mutumin? Idan an sani, ya bi hanyar da malam ya ce. Idan kuwa ba a sani ba, ya tambayi lokacin shekara, damina ko kaka ko ɗari ko bazara, sannan ya ce mutumin yana da wajen shekara kaza. Ta bayyana mini wannan "idan haka ne, to kaza, idan ba haka ba, to kaza", na ce ai wannan aikinmu ne, haka nake duban fata kafin in yanka. Ta sa sunana, ta sa damina, ta cire shekara huɗun ubana. Na'ura ta faɗi shekaruna, ta ɗora ni a kan jerin gidana. Ranka ya daɗe, wannan ne karo na farko da aka rubuta shekaruna daidai, kuma jikata ce ta rubuta.

Na huɗu, yadda aka yi sifirin. An gaya mini malamin ba da idonsa yake duba aikin ba, ɗalibai sun yi yawa. Yana da wani furogaram nasa da ke zuba wa na yara ranaku ya gwada amsa. Na Habsatu ya tambaya ko an san ranar, na malam ya cusa masa lamba, daga nan komai ya goce, amsa ko ɗaya ba ta fito ba. Na'ura ta duba na'ura, ta ba mutum sifiri. Da ta je wurinsa ya ce ba a sa ta ƙara tambaya ba, injiniya abin da aka ce shi yake yi. Ban raina ilminsa ba. Amma ni in mutum ya zo da ƙafar da ba ta shiga takalmin da na yanka ba, takalmin nake gyarawa. Waɗannan yaran gobe su za su rubuta abin da zai karɓi sunayenmu a asibiti da wurin zaɓe. Je ka Gaffati ko Garagumsa ka tara masu furfura, ka ga nawa ne suka san ranarsu. Duka Janairu za a haife mu?

Na biyar, sau uku na zo makarantarku. Ranar farko gardin ƙofa ya ce ba a ganin darakta sai da alƙawari. Ta biyu ya bar ni na kai biro, wato ofis, sakatariya ta ce koke ba da baki ake yi ba, ta waya ake cike takarda. Na ba ta wayata ta cike mini. Ta sa sunana, ta sa unguwa, sai ta ɗago ta ce ranar haihuwa, in ba a sa ba takardar ba ta tafiya. Dariya ta kama ta, ni ban yi ba. Ta uku na zauna bakin ƙofa daga hantsi har la'asar, motarka ta wuce ni gilashi a rufe.

A gida kuwa Lawali gaisuwa kawai yake yi mini ya wuce. Matarsa tana ajiye mini tuwo ta juya. Habsatu ce kaɗai ke cewa ba laifina ba ne, kuma wannan ya fi duka yi mini ciwo.

Ga roƙona. Kafin Alhamis, a sa mutum mai ido ya zauna ya buɗe aikin yarinyar nan, ya amsa tambayar farko da hannunsa, ya ga ko lissafin daidai ne. In ba daidai ba ne, a kayar da ita, ba zan ƙara magana ba. In ana son abin gwaji, ga ni, ga katina, a zaunar da ni gaban aji duka. Kuma a gaya wa malamin, cikin mutunci, ya riƙa sanar da 'yan shekarar farko cewa akwai irinmu a ƙasar nan.

In kuwa dokarku ba ta da wannan hanya, sai dai ta cire tambayar ta sake miƙa aikin, to ku ba ta dama ta sake. Na riga na gaya mata abin da za ta sa. Ta mayar da shekara huɗun ubana, ta rubuta ɗaya ga Janairu. Zan yi kaffarar rantsuwata, azumi uku ba zai kashe ni ba. Ƙarya ta hana ni shiga lekol. Ba zan bari gaskiyata ta fitar da ita ba.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya raya maka naka, ya sa kada ka tsufa a bakin ƙofar wani.

Wassalam.

Idi Baduku,
Birni, Damagaram.
An haife ni da damina.