Dalmar Birigin Baba

Yaya Jibrin,

Assalamu alaikum. Yaya Inna da Saratu da yara? Yaya ruwa bana a Ngaski?

Ina lafiya a nan Afirka ta Kudu. Sanyi ya ɗan taɓa kafaɗata, amma kada Inna ta ji.

Mai gandun dajin da nake wa aiki zai gwada harbina da baka wata mai zuwa. In na ci, zan riƙa raka baƙi farauta. In na faɗi, sai gida. Bakan zamani ne, yana rinjaya gaba da kuma ɓangaren dama, inda kwarin kibau yake maƙale. Maganinsa a ɗaura masa sanda mai nauyi a baya, kamar yadda muke mayar da kwandon kifi ƙarshen kwalekwale. Doguwa tana taɓa cikina, don haka na zaɓi gajera, na karkatar da ita hagu. Bakan ya daidaita.

Saura nauyin bakin sandar. Akwai na kanti, ba na so. Sunday, abokin aikina, yana Yelwa hutu. Ka ciro dalma uku daga ragar birigin marigayi Baba ka ba shi ya taho mini da su, in sa a bakin sandar. Da su zan ci, in Allah ya yarda.

Ka ce wa Inna ta sa mini albarka.

Ƙaninka,
Sallau