Shuɗin Rufi Ya Hana a Gama Fentin Motar Babana

Zuwa ga Mai Girma Ciyaman na kwamitin babban garejin da ke kan hanyar Tungan Maje,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da 'yan kwamitinka, ranka ya daɗe, sunana Hauwa'u, ma'aikaciyar gwamnati ce ni, kuma ni ce matar nan da ta yi ta zarya ofishinka ana ce mata oga ya fita. Tunda ƙafa ta gaza, bari in gwada alƙalami a bainar jama'a.

Babana tsohon direba ne. Ya sayi motarsa ƙirar Faransa tun Abuja tana daji da duwatsu, a cikinta muka girma. Da ƙarfinsa ya ja baya sai ya ba ƙanensa ya yi haya da ita, aka lafta mata koren tasi irin na garin nan. Yanzu Baba yana fama da hawan jinin ido. Na hagu ya riga ya tafi, na dama kuwa likita ya ce sai dai a rage masa gudu. Abu ɗaya ya roƙe ni, ya ga motarsa da launinta na asali kafin duhu ya rufe shi.

Duk wanda na faɗa wa sai ya ce ai kore kore ne. Ina! Nata kore ne mai duhu, ya ɗan karkata zuwa toka, kamar ganyen darbejiya da yamma. An daina yinsa tuntuni, ɗan ƙarfen da aka rubuta lambar fentin a kai kuma tsatsa ta cinye shi. Haka aka nuna mini Oga Bitrus, mai haɗa fenti a garejinku, mutumin Filato. Saboda shi nake wannan ƙorafi.

Na ɗaya, ina so ka san aikin da aka tsayar. Ranar da na kai motar, Oga Bitrus bai ko kalli jikinta ba. Ya buɗe but, ya ɗaga robar bakin murfin a hankali, sai ga wani siririn layi na fentin asali da rana ba ta taɓa gani ba, yana ƙyalli kamar jiya aka fesa shi. Rabona da launin nan tun ina firamare, amma ina ganinsa na gane shi, har na ji ƙamshin kujerun motar na da a hancina.

Daga nan ya fara haɗi. Ba ya yi sai da hantsi, a fili, ya juya wa rana baya. Ya ɗiga wannan, ya ɗiga wancan, ya juya, ya shafa a guntun kwano, ya jira ya bushe, don ya ce launin fenti ɗanye ba abin yarda ba ne. Ya kara guntun a jikin layin nan, ya kalla, ya kau da kai ya dubi farin ƙyalle don idonsa ya huta, ya sake kallo. Wata safiya na ga ya ɗauko ja zai ɗiga a cikin koren, na ce ya rufa mini asiri kada ya ɓata aikin. Ya yi dariya ya ce, "Madam, ja yana ciki, ya ɓuya ne." Ya ɗiga da tsinken tsintsiya, ɗis ɗaya. Ina tsaye launin ya kwanta, ya zama na motar Baba, saura ƙiris. Tasbihi kawai na yi. Allah da ya halicci ido, shi ya san abin da ya zuba a cikinsa.

Na biyu, rufin da kuka yi wa shagunan garejin. Ban raina shi ba, ranka ya daɗe. Na ga yadda makanikai ke gasuwa a rana, kuma na ji suna sa muku albarka. Amma kwanon roba ne mai shuɗi, haske yana ratsa shi. Duk wanda ya shiga ƙarƙashinsa sai ya koma kamar wanda aka tsoma a baban rini, ni kaina na dubi tafin hannuna ban gane shi ba. Mai gyaran birki ba ruwansa da wannan. Mai haɗa fenti kuwa an kashe masa aiki. Don bin dokarku ta yin aiki a ƙarƙashin rufin, Oga Bitrus ya gwada ƙarasa haɗin a ciki, ya fesa ƙofa ɗaya. A ƙarƙashin rufi ta yi daidai, da aka cire ta aka fita da ita rana sai ga ta ja-ja, abin kunya. Da hannunsa ya kankare ta, ya ce da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Na uku, dokar da ta biyo bayan rufin, cewa kada a kuma ajiye mota ko yin aiki a filin tsakiya. Bawan Allah nan ya tura motar waje da hantsi don ya duba haɗinsa, masu gadi suka kai ƙara, aka garƙame masa shago sai kwamiti ya zauna. Haɗin yana ciki a gwangwani. Motar tana ciki, an goge ta tas, ba gilashi, ba inji, ba yadda zan ɗauke ta in kai wani wuri, kuma ko na kai, idon da ya gano launin ba ya can. Kwamiti kuwa har yau bai zauna ba. An ce sakatare ya tafi biki Abaji, ya dawo, aka ce ma'aji ne ba ya nan. Wannan ya ƙona mini rai, ba zan ɓoye maka ba.

Roƙona kaɗan ne. A buɗe wa Oga Bitrus shagonsa ba tare da jiran zaman da ba shi da rana ba. A ware wa masu fenti wani gefe a fili, ko faɗin mota ɗaya ne, da safe kawai. In hakan zai yi wuya, a cire kwano biyu daga saman layinsu a sa fari. Kuma ka zo da kanka wata safiya ka tsaya a bayan Oga Bitrus yana aiki, gani ya kori ji. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Dalilin gaggawata shi ne, ranar Juma'ar da ta wuce na je gaida Baba, yana zaune a bakin ƙofa, rana tsaka. Ya kama gefen mayafina, ya matso da shi kusa da idonsa, ya daɗe yana dubawa, sannan ya tambaye ni wa ya rasu na sa baƙi. Ranka ya daɗe, kore ne mayafin.

Allah ya taya ka riƙo, ya ba ka ikon yin adalci tsakanin mutanen da ke ci a ƙarƙashinka, ya bar maka ganinka har ƙarshen rayuwarka.

Wassalam.

Taka mai jiran a buɗe ƙofa,
Hauwa'u